An Samar Masa Wuri a Likita

Jibiya, Alhamis, 16 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggo Salmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yusha'u da sauran mutanen gida. Ni lafiya ƙalau nake, in ban da mura da ƙaiƙayin gero ya sa min.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane mai rubutun nan. Ni ce Mutmainna, 'yar marigayi Kalilu na Kaduna, ɗan kawunki. Rabona da ke tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da kika zo gaisuwa tare da Yusha'u. Ni ce yarinyar nan mai bakin tsiya da ta ce miki Hausarku ta Maradi karyayya ce, kika yi dariya kika ja min kunne.

Gwaggo, ga ni a Jibiya, kusa da ku. Makarantarmu ta tura mu horon aiki na wata huɗu, wanda muke kira Ayti. Ƙawayena duk sun samu Kaduna ko Kano, ni kaɗai sunana ya faɗo nan, a wani babban kamfanin hatsi da ake kira Zangarniya. Sitonsu guda ɗaya ya fi layinmu na gida tsawo. Ma'aikata sun fi ɗari biyu, amma yau kwanana goma sha ɗaya babu wanda ya tambayi sunana. 'Yar Ayti kawai suke cewa, ni kuma in amsa.

Ga shi an katse layukan waya a yankin nan saboda rashin tsaro. Ko Umma ban ji muryarta ba tun da na zo. Ta ba ni wata lamba ta ce taki ce, na ari wayar wani mai layin Nijar na hau kan tulin buhuna na kira, aka ce babu lambar. Idan na tashi aiki sai in koma ɗakin da na kama, in zauna ina kallon tsofaffin hotuna a waya har a kira magariba. Matar gidan kirki gare ta, sai dai ba ta ji sosai, hirarmu ba ta wuce sannu da sannu.

Wanda ya kawo miki takardar nan Baba Manu ne, mai kula da sikelin da ake auna motoci. Iyalinsa suna Maradi, duk Juma'a yake tafiya ya dawo Lahadi. Da na ambaci sunanki sai ya ce, “Salmatu mai dakan yaji ta bayan tasha? Wa bai san ta ba?” Wallahi saura kaɗan in yi kuka a gabansa, don ranar ce na fara jin cewa ina da wani a kusa.

Ina so in zo in gan ku kafin in bar ƙasar nan. Ina labarin taubashina? Har yanzu yana bin awaki da ƙaya yana cewa allura yake musu?

Taki,
Mutmainna

Maraɗi, Asabar

Ɗiyata Mutmainna,

Wa alaikumus salam. Maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke rubuta mini wagga takarda, ni ina faɗi. Na ji gaisuwarki, na yi murna har na kasa cin abincin rana. Ashe ɗiyar Kalilu ta girma har ana tura ta aiki. Allah shi jiƙan ubanki, shi yi maki albarka.

Mu nan sai godiya. Yusha'u ya ci jarrabawarshi ta bak, wadda ake yi in an ƙare lise, sakandare in ji ku, kuma da daraja ya ci ta. Yanzu dai yana likita. Mun sha wuya kahin a samar mashi wuri, don mutane sun yi yawa, amma Alhamdu lillahi an ɗauke shi, babbar likita ta nan garin. Can yake wuni, can yake kwana, ni ke kai mashi abinci. Ki riƙa sa shi cikin addu'a.

In kin samu dama ki taho. Ga yaji nan na ba Manu, ki riƙa zubawa a abinci.

Gwaggonki,
Salmatu

Jibiya, Alhamis, 23 ga Satumba

Yusha'u, likita bokan awaki,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Murata ta warke, yajin Gwaggo ne ya kore ta.

Barka! Gwaggo ta rubuto min cewa ka samu wuri a likita. Wato awakin Kaduna ba su sha ƙaya a banza ba. Na yi murna ƙwarai, sai dai ina tausaya wa mutanen Maradi da za su miƙa maka hannu. Ashe ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu, kowa an jefa shi babban wuri ya koyi aiki. To tunda na riga ka da sati uku, zauna in koya maka zaman duniya.

Kada ka zauna a kujerar da ba ka san mai ita ba. Ni ranar farko na zauna a ta sakatariya, har yau ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da gira. Kada kuma ka nuna ka san abu. Na karanta kimiyyar abinci shekara biyu, na zo da zumuɗin shiga ɗakin gwaje-gwaje mai sanyi da farar riga. Da na faɗa wa shugaban sashenmu, Oga Faruk, sai ya dube ni sama da ƙasa ya miƙo min wani bututun ƙarfe mai tsini. Aikina ke nan. Mota ta shigo, in soka wa buhu ƙarfen nan, in zaro tsaba, in zuba a na'ura ta faɗa min yawan danshin da ke ciki. In ya yi yawa a mayar da kaya, mai kayan ya zage ni. In bai yi yawa ba a sauke, babu mai cewa sannu. Jiya buhu ɗari uku da sittin na soka. Ka ga ni ma allura nake yi.

Abu mafi muhimmanci shi ne littafin aiki, logbuk. Kullum sai ka rubuta abin da ka yi, ƙarshen sati mai kula da kai ya sa hannu. In babu sa hannun nan, duk wahalarka ta tashi a banza, sai ka maimaita shekara. Oga Faruk ya ce duk ɗan Aytin da ya yi fashin kwana ɗaya kada ma ya kawo masa littafi. Ku ma an ba ku?

Da gaske nake tambaya, Yusha'u, kai ma kana jin kaɗaici a can? Ni ina cin abincin rana a bayan sito ni kaɗai, ina jin 'yan dako suna raha, ina dariya a ciki ba tare da an gayyace ni ba. Wani lokaci sai in wuni ban furta komai ba sai lambobin na'ura.

Ka turo min lambar wayarka, zan ari layin Nijar. Da na ba Baba Manu takardar nan na ce ta ɗan'uwana ce da ke likita, sai ya girgiza kai ya ce, “Allah shi ba shi sauƙi.” Ka ga har shi ya san aikinku da wuya.

Uwar ɗakinka,
Mutmainna

Maraɗi, Asabar, 2 ga Oktoba

Mutmainna mai sukar buhu,

Amin wa alaikis salam. Na samu takardarki. Ki yi haƙuri ban amsa a satin ba, hannuna ne bai samu sarari ba. Jiki da godiya.

Na karanta ta sau huɗu. Karo na farko na ninke ta na aje. Karo na biyu na yi dariya har wanda ke kusa da ni ya tambaya ko lahiya. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kahin jarrabawa. Uwar ɗaki kuma? Ke da kika yi kuka don na ce zan yi wa 'yar tsanarki allura?

Mu nan sitaj muke ce ma abin da kuke kira Ayti. Tunda kin tambaya, ga yadda nawa yake. Tun da asuba ake tashinmu. Wajen ƙarhe takwas manya su shigo da hwararen riguna, su bi gado gado, suna magana da Faransanci a kan mutum kamar ba ya wurin. Ni aikina kallo da saurare. Na koyi abubuwa da yawa. Na san jijiyar da ake saurin samu da wadda ke ɓuya. Ina iya duban ledar ƙarin ruwa in faɗa maki minti nawa ya rage ta ƙare. Ba a ba ni hwarar riga ba tukuna, kuma kujerar kowa ban zauna ba, wurina guda ne ba ya canzawa.

Akwai wani dattijo a gado na bakwai, manomi daga wajen Ɗan Isa. Kullum tambayarshi ko an fara yankan gero. Na karanta mashi inda kika ce kin soki buhu ɗari uku da sittin, ya ce to Alhamdu lillahi, bana an samu. Kin ga aikinki ya faranta ran wani, ko da Oganku bai ce sannu ba.

Kin tambaye ni kaɗaici. E, ina ji. Mutane cike da ɗaki, amma kowa ya dube ni da irin kallon da ba na so. Ke kaɗai kika rubuto kina zagina, kuma na gode.

Logbuk ba a ba mu ba. Lambar waya kuma ki bar ta, takarda ta hi, muryata ba ta da daɗin ji kwanan nan. Tunda ba ku aiki ran Lahadi, ki zo mana wata Lahadin. Tahiyar ba ta kai awa biyu ba.

Taubashinki,
Yusha'u

Jibiya, Alhamis, 7 ga Oktoba

Yusha'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai bayana da ke ciwo saboda sunkuyo. Ka gaishe da Gwaggo, ka gaishe min da dattijon gado na bakwai, ka ce masa wake ma ya fara shigowa.

Wane irin wuri ne wannan da ba a ba ku logbuk? Ga littafi nan na saya maka mai bango kore. Na ja maka layuka da kaina irin namu, wurin rana, wurin aikin da aka yi, da wurin sa hannun mai kula a ƙasan kowane sati. Tunda manyanku ba su damu ba, ni ce mai kula da kai. Ka cika shi tsaf, idan na zo zan duba in sa hannu, kuma ba na sa hannu a kan ƙarya.

Ba irin Oga Faruk ba. Ran Asabar na kai masa nawa, sati huɗu da na zauna na rubuta da kyau, har da zanen na'urar. Yana cin gyaɗa yana magana da direba ya buɗe, ya rattaba hannu sau huɗu a jere, ya mayar da kwanan wata baya a kowane shafi kamar duk sati yake dubawa. Ko layi ɗaya bai karanta ba. Na fito na tsaya a bayan sito, abin ya ƙona min rai fiye da zagi. Sa hannu da kwanan watan ƙarya, ai wannan rashin mutunci ne.

Maganar zuwa ran Lahadi, na auna ta. Baba Manu ya ce hanya ba ta da tabbas, wani lokaci a tsayar da mutane a kan iyaka har yamma. In na makara Litinin fa? Kuma malaminmu na makaranta zai zo duba mu, ba ya faɗin rana. In ya zo bai same ni ba, shi ke nan. Umma ta sha wahala a kan karatun nan, ba zan yi wasa da shi ba. Ka bari in gama a watan Disamba, in zo in yi muku sati guda cur, kai ma lokacin wataƙila ka samu hutu. Me ake ci na gaggawa? Ba guduwa za ka yi ba.

Ka san wani abu? Yanzu Lahadi da yamma nake jira kamar ranar salla. Ina zuwa bakin ƙofar kamfani in tsaya wai iska nake sha, alhali hular Baba Manu nake hange.

Mai kula da kai,
Mutmainna

Maraɗi, Asabar, 16 ga Oktoba

Ranki shi daɗe mai kula,

Sallama. Littahi ya iso, na fara cikawa. Layukanki sun karkace, amma ba zan kai ƙara ba.

Dattijon gado na bakwai ya tahi ran Talata. Na samu na faɗa mashi maganar wake kahin nan.

An canza mini sashe. Nan ɗakin ƙarami ne, mu huɗu, kuma manya sun hi yawan leƙowa. Sun ce sitaj ɗina ba su san ranar ƙarewarshi ba. Aiki ya yi nauyi, shi ya sa rubutun ya gajarta, ki yi haƙuri da hannun.

Na gane maganar karatunki, kuma gaskiya gare ki. Amma duk da haka ina roƙo. Lahadi ta sama, ashirin da huɗu ga wata, ki zo ko na awa ɗaya ne. Inna za ta tare ki a tasha. Disamba da nisa, Mutmainna. Ina so a duba littahin nan tun ina iya amsa tambaya.

Yusha'u

Jibiya, Alhamis, 4 ga Nuwamba

Yusha'u,

Gaisuwa. Ina lafiya, in ka damu ka sani.

Lahadi biyu ke nan Baba Manu yana dawowa hannu wofi. Fushi kake don na aiko shi da baki cewa ba zan samu zuwa ran ashirin da huɗu ba? Ai na yi maka bayani. A wancan satin mota arba'in muke saukewa a rana, kuma aka ce malaminmu yana Katsina, kowane lokaci zai iya faɗowa. Har yau bai zo ba, amma da ya zo fa?

Wato an kai ka sashen manya, ka fara jin kanka. Likita guda ba zai ɓata biro a kan mai sukar buhu ba. Ba komai. Amma ka sani kai kana da Gwaggo tana kawo maka abinci kullum, kana ganin fuskar da ta san ka. Ni fa? Takardarka ce kaɗai wurin da ake kirana da sunana a ƙasar nan. Ran Lahadin da ta wuce na tsaya a ƙofa har Baba Manu ya iso, ya kalle ni ya ce, “Ki yi ta addu'a, ɗiyata.” Na ce a raina, addu'ar me, mutum ne kawai ya yi girman kai.

In ka ga dama ka amsa. In ba ka ga dama ba, littafina dai ka riƙe shi da kyau.

Mutmainna

Jibiya, Laraba, 10 ga Nuwamba

Yusha'u, ɗan'uwana,

Sallama. Yaya jikin? Tambayar da ya kamata in fara da ita tun wata biyu ke nan, yau nake yin ta.

Ɗazu da hantsi buhu ya zamo daga kan mota ya danne ƙafar wani ɗan dako, mutumin wajenku. Ana ta ihu, sai na ji Baba Manu yana cewa, “Ku ɗauke shi, a kai shi likita maza!” Na ce, “Baba, wane likitan? Akwai wanda ka sani ne a garin?” Ya ce, “Wane irin wane? Likita dai, inda ake kwantar da marasa lahiya. Asibiti, in ji ku.”

Ƙarfen da ke hannuna ya faɗi. Na bi Baba Manu har ɗakin sikeli na ce, “Baba, in an ce an samar wa mutum wuri a likita fa?” Ya ce, “Gado ya samu ke nan.” Sai ya tsaya ya dube ni da kyau, ya ce, “Subhanallahi. Ɗiyata, ba ki sani ba? Yaron ga ƙoda ce ta kwantar da shi tun da damina. Ni duk na ɗauka kin sani, kullum ina ce maki Allah shi ba shi sauƙi kina cewa amin.”

Na koma ɗaki na zazzage takardunka na sake karantawa. Ko ƙarya ɗaya ba ka yi min ba. Jijiya, ledar ruwa, wurinka guda da ba ya canzawa, dattijon da ya tafi. Ni da nake taƙama da Hausa, na ce taku ce karyayya. Me ya sa ba ka faɗa min ba? A'a, bar shi, ba kai ne da laifi ba. Ka ce in zo sau biyu.

Takardata ta satin jiya ka yaga ta don Allah. Ban san abin da nake faɗa ba.

Baba Manu ya ce ba zai bar ni in bi hanyar ni kaɗai ba, sai Juma'a bayan masallaci mu taho tare. Na ba wani mai babur wannan takarda don ta riga ni isowa. Ban nemi izinin kowa ba, kuma ba zan nema ba, Oga Faruk ya riƙe sa hannunsa. Ka jira ni jibi. Ka tanadi littafinka, zan duba shi layi layi.

'Yar'uwarka,
Mutmainna

Jibiya, Alhamis, 18 ga Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yusha'u, ya sa ya huta, ya ba ki dangana. Na iso Jibiya lafiya ran Talata. Ki gode wa malam maƙwabci da zai karanta miki wannan.

Har yanzu ina ganin ki a bakin tasha ran Juma'ar nan, riƙe da takardata ta ƙarshe ba a buɗe ba, kina ce min tun Talata aka kai shi makwancinsa. Wato lokacin da nake rubuta masa ya jira ni, ya kwana ɗaya a ƙasa. Wadda ya samu ya karanta ita ce ta zagin.

Da kika miƙo min koren littafin kika ce in karanta miki abin da ya yi ta rubutawa, na ce miki sai an kwana biyu. Ba ƙi na yi ba, bakina ne ya kasa. Yanzu ga shi.

Kullum ya cika, Gwaggo, tun daga ranar da littafin ya isa. A wurin aikin da aka yi yakan rubuta abu kaɗan. “Litinin, an ɗebi jini, na ƙirga tsagar silin, goma sha tara.” “Laraba, na ci rabin tuwon Inna don ta ji daɗi.” “Juma'a, na koya wa sabon maƙwabci yadda ake kwanciya ba a danne allura ba.” Ran Lahadi ashirin da huɗu ga Oktoba ya rubuta, “Na sa Inna ta kawo mini riga mai kyau. An ce ba ta zuwa, amma na jira mai sa hannu.” Daga nan rubutun ya fara girma yana karkacewa, wasu ranakun kalma ɗaya ce kawai.

A shafin ƙarshe ya bar min saƙo, kuma ina ganin hakkinki ne ki ji shi. Ya ce:

“Mutmainna, na ga takardarki ta faɗa. Ba hushi nake ba, biro ne ya yi mini nauyi. Mu nan mai magani lokotoro muke ce mashi, likita kuwa gidan da ake kwantar da mu ne. Na gane kuskurenki tun layin farko, na so in gyara, sai na kasa. Wata uku kowa na kallona a matsayin mai tahiya, ke kaɗai kika ɗauke ni mai zuwa wani wuri. In takardarki ta zo, nakan zama ɗalibin lokotoro har in gama karantawa. Kada ki ga laihin kanki, ni na ɓoye. Kada ki ga na Inna, Hausarta daidai take. Ki gama karatunki. Ki duba aikina, in ya yi ki sa hannu.”

Gwaggo, ya ce kada in ga laifin kaina, amma akwai abin da ban faɗa miki ba. Jiya na shiga ofishin Oga Faruk da littafina, na shirya ya kore ni, tunda kwana huɗu na yi ba na nan. Na fara cewa, “Oga, rasuwa aka yi mana a Maradi.” Bai ɗago ba. Ya ce, “Za ki je ne? Ki je mana.” Ya jawo littafin ya rattaba hannu har kan ranakun da ban zo ba. Bai ma san na tafi ba. Malamin makarantarmu kuma an ce ba zai zo ba sam, saboda hanya. Wannan ne abin da na tsaya gadi, Gwaggo, na bar ɗanki da riga mai kyau yana kallon ƙofa.

An ce an kusa dawo da layin waya. Na rasa wanda nake ɗokin kira. Ran Lahadi in sha Allahu ina tafe, da kowace Lahadi har in gama, in kina so na. Zan taya ki dakan yaji, ki koya min Hausa.

Littafin zan dawo miki da shi. Na karanta shi layi layi kamar yadda na yi alkawari, ban sami ƙarya ko ɗaya ba, na sa hannu a kowane sati. Da na zo wurin kwanan wata sai na daɗe riƙe da biro. Na taɓa ce masa mayar da kwanan wata baya rashin mutunci ne. Allah ya yafe min, ashirin da huɗu ga Oktoba na rubuta.

'Yarki,
Mutmainna